Usta Shahata, Mai Zama a Kujerar Baya

Kullum bayan asuba Usta Shahata, babban makanikinmu, yakan karya da wake da gurasa a bakin rumfar jiragen sama, ya sha baƙin shayi, ya wanke hannu tas, sannan ya taɓa inji. Haka na san shi tun shekarun yaƙi, ina mai walda a ƙarƙashinsa. Watan nan ya ajiye aiki, babu jaridar da ta ambace shi. To ni zan ambata.

A lokacin jiragen yaƙinmu na zube a fili, jiki lafiya, ciki babu inji. Gangar jikin jirgi mukan gyara ta nan gida da araha. Inji kuwa sai daga waje, kuma Usta yakan ce kuɗin sababbi uku ya kusa sayen jirgi sukutum. Ƙasa ba ta da wannan kuɗin. Sai ya sa aka kwaso matattun injuna daga sahara, ya kwance su, ya haɗa ɗaya mai aiki daga cikin uku.

Matuƙa suka ƙi hawa. Ɗayansu, Kyaftin Midhat, ya zo rumfa yana dariya.

"Usta, tarkacen nan naka, ai keken ɗinkin tsohuwata ya fi shi."

"To ranka ya daɗe, hau keken ɗinkin ka tafi bakin daga."

"'Ya'yana biyu fa."

"Ni bakwai. A ɗora injin a jirgin koyo mai kujera biyu. Ni ne a bayanka."

Usta fa, mutumin da ko lilo bai taɓa hawa ba. Muka ɗaure shi a kujera. Suka tashi, Kyaftin ya yi ta juya jirgin da gangan. Injin ko tari bai yi ba. Da suka sauka Usta ya yi amai a kan takalmin Kyaftin, ya goge baki, ya ce, "A kawo na gaba."

Tun ranar ya zama doka a rumfarmu: wanda ya haɗa inji, shi zai fara hawa. Ni ma na hau. Ba wanda ya ƙara ɗaure ƙusa a gaggauce. Kafin shekara ta zagayo, jiragen da ke zube duk sun tashi.

Kai ne, Usta, mai farfaɗo da ƙarfe. Injin da ya fita daga hannunka bai taɓa sa wata mace takaba ba. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya.

Ku kuma samarin yanzu, kada ku ce aiki ya yi sai kun yarda a ɗaure ku a kansa.