Ciyawar da Mai Lambu Ya Nome

Shekarunsa sittin da bakwai, talatin daga ciki ya yi su yana kula da furannin harabar wani asibiti. Har yau Mai Lambu ake ce masa. Da ya yi ritaya sai ya shiga cikin masu sa kai da ke ɗaukar hoton tsirran daji da waya, suna tura wa wata Dakta a jami'a.

A daminar bara, a gindin dutsen da ke bayan layin dogo, ya ga wani ɗan tsiro mai shuɗin fure, ciyawa ta rufe shi. Tushe bakwai ya ƙirga. Da ya tura hoton, Dakta da kanta ta kira, ta ce rabon da a ga irinsa tun kafin a haife ta.

"Baba, don Allah kar ka taɓa su. Nan da sati uku zan zo ɗibar iri."

Kwana biyu ya iya daurewa. A na uku ya saɓi fartanya.

"Malam, ba cewa aka yi kar ka taɓa ba?" in ji matarsa.

"Shaƙe su ciyawa za ta yi. Ina gani zan bari?"

"Kai wata rana har gemunka za ka nome."

Ya nome wurin tas, ya ba su ruwa. Cikin kwana goma duk suka bushe. Kafin Dakta ta zo, ruwan sama ya shafe sawun fartanya. Da ta tambaye shi ina ciyawar, bakinsa ya riga shi: "Awaki ne." A nan ta gaya masa cewa tsiron a saiwar ciyawar yake samun abinci, in ta tafi shi ma ya tafi.

Awaki ta rubuta a rahotonta, aka kewaye dutsen da shinge. Mai awakin maƙwabcinsa ne, dattijo mai ciwon gwiwa. Yanzu sai ya kora su har bayan gari, yana ɗingishi. Kullum kuma sai ya tsaya a ƙofar Mai Lambu ya ce, "Yaya, an tashi lafiya?" Wata takwas Mai Lambu yana amsawa, kansa a ƙasa.

Ranar Talatar da ta wuce ya hau mota zuwa jami'a. Ya yi awa biyu a benci kafin Dakta ta fito daga aji. Bai ma ƙarasa gaisuwa ba ya ce, "Dakta, a gyara takardar nan, a cire shingen. Ba awaki ba ne, ni ne."