Bindigar Buzu a Gindin Aduwa

A shekarun da ayarin gishiri ke yada zango kusa da rijiyarmu, arewa da Kornaka, ni da yayana muke riƙe da maƙerar gidanmu. Hauya da lauje muka sani. Sai wani Buzu ya kawo bindiga mai tsaga a gindin bututu, ya ce a gyara kafin ayari ya tashi.

Muka liƙe tsagar, amma hankalin yayana bai kwanta ba. Ya ce idan albarushi ya kama wuta, iska ce ke kumbura a ciki tana neman hanya, kuma a gindi ta fi matsa ƙarfe, daidai inda fuskar mai harbi take. Don haka za mu gwada, muna ƙara awon albarushi kaɗan-kaɗan har mu ga iyakar abin da za ta ɗauka.

Da hantsi muka ɗaure ta a jikin aduwa bayan gari, muka sa doguwar igiya a kunamar bindigar, muka kwanta bayan tudu. Ƙaramin awo ya tashi lafiya. Da muka ƙara, yayana ya ja igiya, sai ƙyas, sannan shiru. Wani siririn hayaƙi kawai ke fita.

"Yaya, kada ka tashi," na ce, ina riƙe da rigarsa.

Can sai na hango matata tafe da ƙwaryar fura a ka, da cikinta tsoho, ta biyo hanyar da ta ratsa gindin aduwar. Ba wanda ya gaya mata. Yayana ne ya daka tsawa: "Kwanta! Kwanta ƙasa!"

Ta saki ƙwaryar ta durƙusa, bindigar ta tashi. Na ruga cikin hayaƙi kunnuwana a toshe, ina kiran Allah. Na same ta jiƙe da fura, ko ƙwarzane babu. Bututun ya dare kamar kara.

Da Buzun ya iso, ya juya ƙarfen a hannunsa, ya shafa kumatunsa ta saman rawani, ya yi mana godiya. Ni kuwa na kama hannun matata, yayana ya raka mu har gida.