Labo da Murhun da Ya Tarar a Ƙarƙashin Fadama

Kullum kafin rana ta yi zafi, Labo mai haƙar rijiya yakan zauna a bakin ramin da ya bari jiya, ya zura igiyarsa mai ƙulli-ƙulli, ya jawo, ya duba inda ta jiƙe. Da haka yake sanin yawan ruwan da ya tsatso tun tafiyarsa. Sai ya ɗaura walki ya sauka, sama ta koma masa kamar faifai. Shekara talatin ke nan yana wannan aiki tsakanin Gozaki da Bakori, bana kuwa gwiwoyinsa sun ce ya isa. Ni malamin makaranta ne a Malumfashi, na sha ruwan rijiyoyinsa, kuma ina jin kunya ba wanda ya taɓa rubuta sunansa.

A bazarar 1964 wata unguwa kusa da Gozaki ta kira shi, don rafinsu ya ƙafe. Ya haƙa gaba biyu a gefen fadama, sai dagi ya bugi dutse. Duwatsu uku ne a jere, gawayi a tsakaninsu, ga gutsuren tukunya. Labo ya kifa ƙwarya a kai, ya fito.

Mai unguwa Sanda ya ce ya kwashe ya ci gaba. Labo ya ce, "Ranka ya daɗe, wata ta yi tuwo a nan. Ba na taka murhun mace."

Ya koma gefe ya fara sabon rami, kwana tara na aiki suka tafi a banza. Mata suna tafiya mai nisa da tulu, suna dawowa da baki cike da Labo. Rabi'atu, wadda ta fi kowa ɗaga murya, ta ce tsufa ya taɓa masa kai. Ana ta maganar kiran wani mahaƙi, kuma a sana'arsa idan suna ya ɓaci, aiki ya ƙare.

Da labarin ya iso ni, na rubuta wa Malam Shitu, mai binciken kayan tarihi a Zariya. Ya zo, ya ɗebi gawayin da cokali, ya ce ƙwaryar nan ce ta cece shi daga gauraya da tokar yau. Ya bayyana mana cewa kowace bishiya tana shan wani irin sinadarin kabon daga iska. Ranar da aka sare ta, sai ya fara raguwa a hankali, rabi a cikin shekara wajen dubu biyar da ɗari bakwai. In an auna abin da ya saura, an san lokacin.

Ni mai alli ina ta kai-kawo da zancen a kaina, Labo ya riga ni. Ya ce ai tulu ne mai yoyo, in ka san yadda yake ɗiga, ka san yaushe aka cika shi. Sai ya ɗaga kai ya tambayi shekarun sama. Malam Shitu ya ce masana sun ga tarin taurari suna nesanta da juna, suka auna saurinsu, suka lissafa baya zuwa lokacin da suke wuri ɗaya, suka sami sama da shekara miliyan dubu goma. Labo ya daɗe yana kallon sama, igiya a hannu, kamar mai neman inda zai zura ta.

Sabuwar rijiya ta ba da ruwa kafin damina. Takardar awo kuwa sai bayan shekara ta iso: gawayin ya kai wajen shekara dubu biyu. Na karanta a bakin rijiyar. Rabi'atu ta sauke guga, ta tambayi sunan matar mai murhun. Na ce awo bai kai nan ba. Sai ta cika ƙwarya ta miƙa wa Labo da hannu biyu.

Kai ne, Baba Labo, ka jure zagin masu ƙishirwa saboda matar da ba ka sani ba. Ba ka iya karatu ba, amma ba don kai ba da masu karatu ba su sami abin aunawa ba. Mun gode, Allah Ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Ku kuma masu dagi da fartanya, in ƙasa ta nuna muku wani abu, ku kifa ƙwarya tukuna. Muna da maƙwabta a ƙasa, sun riga mu hura wuta a nan.