Yatsu Biyar a Bangon Jikwoyi

Na daɗe ina aikin sikiridin, wato shafe bango ya yi sumul kafin fenti, amma aikin wani gida a Jikwoyi ba zai fita a raina ba har in koma ga Allah.

Mai gidan ma'aikacin gwamnati ne, marar yawan magana. Ɗaki ɗaya ya ba ni, ya ce lallai in gama kafin Asabar, ranar da yake fatan matarsa za ta dawo daga gidansu. Ban tambayi dalili ba, ina ruwana? Na kwaɓa kayana, na ja shafin farko, bango ya fito fari tas.

Washegari da hantsi na shiga da samfefa, takardar goge bango, sai na tsaya cak. Kusa da ƙofa, daidai gwiwata, ga tafin hannu ɗan ƙarami, ja-ja, yatsu biyar cif. Gidan kuwa babu yaro, makullin ɗakin ma a aljihuna ya kwana. Na yi ta maza, na ƙara shafi mai kauri. Kafin la'asar, ina tsaye ina kallo, hannun ya sake fitowa a hankali, babban yatsa ne ya fara bayyana. Wallahi tsigar jikina ta tashi, addu'ar ma ta ƙi zuwa bakina.

Da oga ya dawo daga ofis na nuna masa. Ya daɗe a durƙushe.

"Hannun 'yata ne," in ji shi. "Doya da manja ta ci, ta dafa nan. Ba a yi sati biyu ba zazzaɓi ya ɗauke ta. Na rufe shi da fenti don kada uwar ta riƙa gani, sai ta tattara ta tafi."

Sai a lokacin hankalina ya dawo jikina. Na ce, "Oga, manjan ne ya ratsa filasta. In na kankare har bulo, ba zai ƙara fitowa ba."

Ya kira matar a waya ya gaya mata. Ina jin muryarta tana cewa: "Yana nan? Don Allah kada ya taɓa! Rufewar da ka yi ce ta kore ni. Gobe zan taho."

Na gama ɗakin, na bar wurin yadda yake, ina share hawaye da bayan hannu kamar ba ni ba. Tun daga ranar na gane ba kowane tabo ne datti ba. Kafin in shafe bangon kowa, sai na tambaya ko akwai abin da za a bari.