Shekarar da Aka Cike Kududdufin Unguwarmu

Ranar wata Alhamis ce da hantsi, bayan an gama kai gero rumbu, a shekarar da haƙoran gabana suka gama fitowa, tun da sauran lokaci mai tsawo kafin Nasara ya shigo Haɗeja. Ruwan kogi ya ja baya ya bar farin yashi a shimfiɗe, nan ne kuwa wurin wasan yaran unguwarmu tun da muka buɗe ido. Maza suna kokawa da langa kusa da inda masunta ke shanya homa, mu mata mun kife tulunanmu muna carafke da duwatsun bakin ruwa. Ni da ƙawata Fanna, 'yar maƙwabciyarmu Inna Kaltume, muna gardama a kan dutse ɗaya da ta ce ban cafe ba, sai tsuntsayen fadamar tsallake suka tashi gaba ɗaya, dinya da kirinjijiya har sun rufe rana. Wani masunci ya saki homarsa ya ƙwala ihu: "Mahara! Ku nufi ƙofa!" Na ji ƙarar dawakai suna fasa ruwa. Ban san sanda wani ya sure ni ya saɓa a kafaɗa ba, kaina a ƙasa, ina ganin ƙafafun yara suna tsere. Fanna ba ta bi ta ƙofa ba, na hango jan zanenta ya shige cikin ciyawar bakin ruwa, ta zaci ɓuya zai fi gudu. Da aka turo ƙyauren gari aka shiga kiran sunaye, ba ta amsa ba, ita da wasu yara maza na unguwar masaƙa. Mayaƙan gari sun bi sawu har faɗuwar rana, suka dawo dawakansu jiƙe da gumi, ba kowa a bayansu.

Daga ranar aka hana kowane yaro fita bayan ganuwa. Ɗiban ruwa ya koma rijiya, wanki ya koma hannun manya, mu kuwa muka zama kamar awakin da aka ɗaure a turke. Lungunan unguwarmu ƙuntatattu ne, jaki mai mangala ma da ƙyar yake wucewa. In muka fara gaɗa sai a ce mun hana mai jego barci, in maza suka kama langa sai su ture wa wata tallan fura, kullum faɗa, kullum bulala. Kakata, wadda muke kira Iya, takan dube mu muna zaune jugum a gindin rumbu ta ce, "Yaran nan sun daina dariya, ni kuwa ba na son shirun yaro." Wuri ɗaya ne mai faɗi a duk unguwar, shi ne tsohon kududdufin da ke bayan gidanmu, inda kakanni suka haƙi ƙasar gini har ya yi zurfin da zai shanye mutum da hannunsa a sama. Da rani ruwansa kore ne, gefensa santsi, ga wari, ga sauro. Da muka rasa wurin zuwa sai muka koma can muna jifan kwaɗi. Wata rana ƙanena Ɗanladi ya zame ya faɗa, sai da wata mata mai wucewa ta shiga har wuya ta kamo shi ta gashin kai. Aka kife shi a kan turmi yana aman koren ruwa, mahaifiyarmu tana salati.

Mahaifina manomin alkama ne a fadama, mutum ne mara yawan magana, amma a yammacin nan bai ci tuwo ba. Washegari ya tafi wurin mai unguwa, bayan la'asar kuma sai ga dattawa sun taru a bakin kududdufin, mu yara da mata muna tsaye ta ko'ina. Baba ya karyo kara ya tsuguna yana zane a ƙasa. Ya ce a cike ramin, a daɓe shi, a mai da shi dandali. Gabas a zuba yashi don 'yan kokawa. Kusa da gidaje a bar wa 'yan mata, inda uwa za ta ji muryar 'yarta daga cikin ɗaki. A bakin lungun da ake shigowa a dasa ceɗiya, a ajiye kututture don tsofaffi masu dara, yadda baƙon fuska ba zai shigo ba tare da an gan shi ba. Sannan a ja kwata ta gefe ta kai ruwan sama har rariyar da ke ƙarƙashin ganuwa.

Wanda ya ƙi shi ne Baba Bukar magini, wanda gidansa ke tsakanin kududdufin da ganuwa. Dogo ne mai kaushin murya, daga ramin nan yake samun ƙasar tubalinsa, amma ba wannan ya fara faɗa ba. Ya ce, "Malam, ramin nan shi ke shanye ruwan unguwar nan duk damina. In ka toshe masa baki, ruwan a ɗakin wa zai kwana?" Baba ya nuna masa kwatar da ya zana, wadda hanyarta mafi kusa ta ratsa ta gefen gidansa. Baba Bukar ya sa ƙafa ya shafe zanen. "Ba a gidana ba. Kabarin ubana yana nan ciki." Mai unguwa ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya yanke: a cike, kwata ta zagaya ta bayan gidan Bukar ko da ta yi nisa, amma in ruwa ya kada katanga ko ɗaya, mahaifina ne zai tayar da ita, kuma shi zai sake haƙe ramin da hannunsa. Baba ya ce ya yarda. Na ga mahaifiyata ta juya ta shige gida.

Duk ranin nan aikin ke nan. Jakai suna jido ƙasar tsofaffin kangaye, kowane gida yana kawo tokarsa da fasassun tukwane, samari suna turawa da fartanya suna tattakewa. Mu yara da ƙananan kwanduna muke, safe kafin makarantar allo, yamma bayan mun ba awaki dusa. Ramin ya yi ta haɗiye abin da muka zuba kamar ba za a taɓa ganin ƙarshensa ba, har wasu suka fara janyewa, ana cewa an ɓata ƙarfi a banza. Baba Bukar kuwa bai ɗauki ko dunƙule ɗaya ba. Yana zaune a ƙofar gidansa yana kallo, in Baba ya gaishe shi sai ya amsa a daƙile. 'Ya'yansa ma an hana su yi mana magana. Sai da zafin bazara ya tsananta sannan ƙasa ta zo daidai da bakin lungu, mata suka fito da madaɓai suna daɓe suna waƙa, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Saura yashi, shi kuwa babu shi sai a kogi. Mai unguwa ya samo masu kwari da baka da za su tsaya gadi, aka sa rana, amma da safiyar ta zo ba uwar da ta saki ɗanta. Muna tsaye a bakin ƙofar gari da ƙorai a hannu, iyaye mata riƙe da wuyan rigunanmu, masu tsaron ƙofa sun buɗe ɓari guda suna jira. Sai ga Inna Kaltume. Tun ɓatan Fanna ba wanda ya ga ta fito ko rijiya, ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Ta ratsa mu da babbar ƙwarya a ka, ba ta kalli kowa ba, ta fita. Na ji hannun mahaifiyata ya saki wuyan rigata a hankali. Na bi bayan Inna Kaltume. Da muka isa sai na ga duwatsun carafkenmu na nan inda muka watsar da su, rabi a binne. Ban taɓa su ba. Na dinga kwasar yashi da hannu biyu, idona a kan fadamar tsallake, ko balbela ce ta motsa sai na miƙe. Haka muka yi ta kai da komo har rana ta take, ba mai waƙa, ba mai magana, sai numfashi. Inna Kaltume ita ce ta ƙarshen shigowa, kuma sai da mai tsaron ƙofa ya kira ta sau da yawa kafin ta daina kallon ciyawar nan.

Aka dasa rassan ceɗiya aka kewaye su da ƙaya saboda awaki, kowane gida da ranar ban ruwansa. Muka samu 'yan kwanaki muna wasa kamar waɗanda aka kwance daga mari. Sannan shamuwa ta iso, gabas ta fara haɗa baƙin hadari, manya suka koma kallon sama suna kallon mahaifina.

Ruwan farko da na biyu yayyafi ne, kwata ta kwashe su. Na uku ya zo ana tsakar rana, ina dandalin da Ɗanladi, iyayenmu maza duk suna gona. Iska ta fara, sai ruwa ya sauko kamar ana juye tulu. Kafin mu kai bakin lungu, ruwan unguwa duka ya taho ta kowace hanya yana neman tsohon masaukinsa. Kwata ta cika ta tumbatsa, inda ta lanƙwasa ta bayan gidan Baba Bukar kara da shara suka toshe ta, ruwan ya juyo ya nufi gidaje. Na goya Ɗanladi, ruwa a gwiwata, can a cinyata, yana jana. Na kasa kaiwa gida, sai na hau kututturen masu dara na rungume wani reshen ceɗiya, ƙayar da aka kewaye shi da ita tana sukata. Daga nan ina ganin katangar gidanmu, ruwa yana cin gindinta, ƙasa na zubowa gutsure-gutsure, a bayanta kuwa ɗakin Iya ne, wadda ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Na yi ta kiran mahaifiyata, ruwa ya shanye muryata.

Baba ya iso a guje daga gona da wasu maza, suka faɗa kwatar suna yaye shara da hannu, suna cirewa wata na zuwa. Sai na ga Baba Bukar ya fito ba riga, da gatari a hannu. Ya tsaya ya dubi ruwan, ya dubi katangarmu, ya dube ni a kan kututture da yaro a baya. Ya juya ga katangar gidansa, wadda shi ya gina da hannunsa, ya kai mata sara. Ya daka wa Baba tsawa: "Malam, bar wannan! Zo nan ka kama mini!" Suka haɗu suna sara suna turawa da kafaɗa har wani ɓangare ya rufta. Ruwan ya sami hanya, ya kwarara ta tsakar gidansa da ƙara, ya tafi da akurkin kaji da tarin tubalin da ya yi wata yana bugawa, ya bi ta gefen kabarin ubansa ya faɗa rariyar ganuwa. Ina ji ruwa yana sauka daga ƙafafuna kaɗan-kaɗan. Katangarmu ta tsage daga sama har ƙasa, amma ba ta faɗi ba. Da aka sauko da ni sai da aka ɓamɓare yatsuna daga reshen.

Da yamma mai unguwa ya zo ya ga ɓarnar. Ga katanga a ƙasa, sharaɗi kuma kowa ya ji shi. Baba ya ce gobe zai kawo fartanyarsa ya fara haƙa. Baba Bukar yana zaune a kan ɓaraguzan gidansa, laka har gira, ya ce, "Ruwa bai kada katangata ba, ni na kada abata. Kada wanda ya taɓa wurin yaran nan." Bayan an ɗauke ruwa shi da kansa ya gina kwatar ta cikin gidansa, ya yi mata baki da dutse, ya ɗaga kabarin da tubali, unguwa kuma ta taru ta tayar masa da katanga. Shi da Baba ba su zama abokai ba, amma daga baya a kututture ɗaya suke dara, suna musu kamar za su daki juna.

A dandalin nan na yi sauran ƙuruciyata, nan na koyi gaɗa, nan Ɗanladi ya fara kada sa'anninsa, nan aka yi kiɗan aurena. Inna Kaltume takan zo da yamma ta zauna a gefe da ƙwaryar gyaɗa, tana ba duk yarinyar da ta zo kusa. Fanna ba ta dawo ba, ba mu kuma taɓa jin inda aka kai ta ba.

Yanzu ƙofar gari a buɗe take wuni, jikokina suna zuwa kogi su dawo ba mai bin su da baka, na kuwa gode wa Allah da na ga wannan zamani. Sai dai dandalin ya tafi. Wannan ya ja katangarsa taku kaɗan, wancan ya kafa rumfa, wani ya ɗaure shanunsa, har ya rage ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma biyar ba. Ba wanda ya yi faɗa, ba wanda ya je wurin mai unguwa. In na ce wa yara da can nan rami ne da ya kusa cinye kakansu Ɗanladi, sai su yi dariya su ce Iya ta fara ruɗewa. Cikin tsoro muka gina wurin nan, kwanciyar hankali ce ta cinye shi.