Sunan da Ya Riga Mai Shi Zuwa

Har yau idan na ji ƙamshin jiƙaƙƙen yumɓu sai gabana ya faɗi. Shi ya cika zaurenmu na Daura ranar da Yaya Sanusi ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, a damina ta biyu bayan ƙaddamar da Shari'a.

Malamin kimiyyar sinadarai ne a wata makarantar 'yan mata da ba ta da ɗakin gwaji. Sai ya riƙa mulmula yumɓu yana soka tsinken tsintsiya, yana gina mana siffar ƙwayoyin da ido ba ya gani. Yakan ce, "Ƙanwata, saurari sunan da kyau, zai gaya miki ƙwaya nawa ce da yadda suka riƙe juna."

Akwai wanda ya fi so, tetirahidiren. Ƙwayar kabon huɗu, kowace ta kama 'yan'uwanta uku, kamar ƙaramar dala. Ya ce masana sun raɗa masa suna, sun san kamanninsa, amma ba wanda ya taɓa haɗa shi tsantsarsa. Inna ta ji, ta ce, "Kai Sanusi, ana suna kafin haihuwa?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ciwon sikila ya ɗauke shi matarsa na da cikin fari wata shida. Dalar da ya mulmula da safen nan ko bushewa ba ta yi ba.

Da zai dawo yau ya ga yara suna juya irin siffofin nan a fuskar waya, na san zai yi murna, sannan ya ce a kawo yumɓu. Abin da hannu bai taɓa ba, a wajensa, bai zauna a kai ba.

'Yarsa Sakina takan tambaye ni, "Gwaggo, me Babana ya bar mini?" Nakan nuna mata dalar, duk ta tsattsage. Ta duba, ta mayar mini. Na daɗe ina jin bai isa ba.

Sai bara, a Mai'adua, Kawu da ya yi wa Sakina huɗuba ya faɗa mini abin da ban sani ba. Ana saura sati Yaya ya kwanta ciwon ajali, ya hau babur ya sami Kawu a gona, ya ce, "Kawu, suna linzami ne, ni kuwa ba na jin zan kai ranar. In mace ce, Sakina."