Agwagwar da ta nutse a tabkin Yauri

Cikin shekarun da na yi ina aikin gandun daji a Matameye, akwai wata safiya ta watan Janairu da ba ta fita raina. Lokacin ina sajan. Kowane sanyi akan tura mu tabkuna mu duba tsuntsayen ruwa, mu kai wa shef, wato shugabanmu, rahoto. Ni aka ba wani tabki kusa da Yauri.

Ina ɗaga madubin hangen nesa sai na ga baƙuwa cikin garken kirinjijiya. Jikinta ja-ja kamar goro, ƙarƙashin wutsiya fari, ido fari fat. Sauran na tsoma kai kawai, ita kuwa sai ta ɓace ɗungurungum, ta ɓullo can gefen ciyawar kacalla. Agwagwa mai nutso! A horo kaɗai na taɓa jin labarinta: daga ƙasashen sanyi take zuwa, tana cin tsirrai da ƙwarin ƙasan ruwa.

Ta sake nutsewa. Na jira, na jira, ba ta fito ba. Sai na ga igiyar wata raga tana fizga.

Mai ragar, Malam Sanusi, dattijon masunci, yana bakin ruwa. Na ruga na gaya masa. Ya ce ragar sabuwa ce, da ita yake ci da iyali. Ban tsaya ba, na faɗa ruwa da kakina da takalma. Ruwa ya kai mini ƙirji, na ɗago agwagwar, amma zaren ya naɗe mata wuya da fiffike.

"Baba, za ta mutu a hannuna," na ce.

Ya dube ni, ya dubi ragar, ya shigo da wuƙarsa ya yanke zaren ragar da kansa.

Ƙafafunta can baya suke, kusa da wutsiya, shi ya sa ta iya nutso. Da muka sake ta, sai da ta yi gudu a kan ruwa tana fantsama shi kafin ta tashi. Dattijon ya yi ta dariya har da tafi.

Shef ya so a hana kamun kifi a tabkin baki ɗaya. Na roƙe shi mu zauna da masuntan tukuna. Suka yarda su bar gefen kacalla ba raga duk sanyi.

Ku sababbin shiga aikin nan, kaki bai taɓa ceton tsuntsu shi kaɗai ba. Wuƙar tana hannun mutanen bakin ruwa, sai ka roƙe su.